Ina iyakar hirar mai kai abinci da wanda ya zo ci?

Ɗan Kasuwar Aya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da wata tambaya wadda mai karatu zai iya ɗauka ƙarama ce, amma ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma yanzu ya zama dole in samu amsarta, domin ƙanwata tana shirin buɗe gidan abinci a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke nan Maraɗi bayan sallah, ta kuma ɗora mini nauyin zaɓen yaran da za su riƙa kai wa mutane abinci tare da koya musu yadda za su yi da jama'a.

A watan da ya wuce na yi baƙo daga Katsina, wani dattijo da muka daɗe muna cinikin aya da riɗi da shi. Ya taso da hantsi, ya biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, ya iso Maraɗi bayan azahar a gajiye, sai na kai shi wani gidan abinci da na saba zuwa, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Yaron da ya tarbe mu ya san ni, ya gaishe mu da sakin fuska, ya kawo ruwan wanke hannu ba tare da an tambaye shi ba, kuma har zuwa nan ban ga abin zargi ba. Amma da ya ajiye tuwo da miyar kuɓewa sai ya tsaya a kanmu, ya dafa kujerata, ya tambayi baƙona labarin hanya, ya tambaye shi yadda naira take a wurin ƴan canji, sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, shekaranjiya ma a nan kuka zauna da mutumin Kano, ko cinikin ya faɗa?" Mutumin Kanon nan kuwa shi ne wanda ya zo neman kayan da na riga na yi wa dattijon alkawari, kuma na hana shi. Baƙona bai ce uffan ba, sai dai ya tsame hannunsa daga kwano tun bai ci rabi ba, kuma sai da na kwana biyu ina lallashi kafin ya yarda cewa ban yi niyyar sayar da kayansa a bayan idonsa ba.

Bayan ƴan kwanaki na ci abinci a wani wuri kusa da tasha, inda yarinyar da ke aiki ta dangwarar mini da faranti ba sannu ba barka, da na tambaye ta wace miya ce ta rage sai ta nuna mini tukunya da haɓa. Na fita ina jin kamar bara na je yi, alhali da kuɗina na ci. To, tsakanin wannan yaro da wannan yarinya, me zan ce wa yaran ƙanwata? Su yi hira ko su kame bakinsu? Idan za su yi, har zuwa ina?

Mai Tuwon Bagalam ta amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Shekarata 22 ina sayar da tuwo, kuma yaran da suka yi aiki a ƙarƙashina ba zan iya ƙirga su ba, saboda haka bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Amsar tambayarka tana nan a cikin gidan mahaifinka tun kafin a haife ka. Idan aka yi baƙo a gidan Bahaushe, ana yi masa shimfiɗa, a kawo ruwa, a gaisa har a tambayi mutanen gida da gajiyar hanya, a ajiye masa abinci a ce bismillah, sa'an nan mai gida ya nemi wani uzuri ya tashi ya ba shi wuri. Wanda bai san al'adar ba zai zaci an yi watsi da baƙon ne, amma mu mun san dalili: ba a son baƙo ya ji kunyar buɗe ciki, kuma babu mutumin da yake son a tsaya ana ƙirga masa loma. Yaron da ya tsaya a kanku, ko da bakinsa a rufe yake, ya riga ya yi laifi da tsayuwar kaɗai. Abin da nake fara koya wa duk yarinyar da na ɗauka ke nan, cewa idan ta ajiye kwano ta ja da baya zuwa inda za ta hango mai ci amma ba za ta ji maganarsa ba. Daga can idonta ne zai yi aiki. Idan ruwan kofinsa ya ƙare ta gani, idan miya ta gaza kafin malmala ta ƙare ta gani, idan ya ɗaga kai yana waige ta iso kafin ya buɗe baki. Yarinyar da ta iya wannan, ko kalma goma ba ta furta ba a yini, za ka ji mutane suna cewa tana da kirki.

Amma abin da ya fi ɓata mini rai a labarinka shi ne maganar mutumin Kano, domin wannan ya wuce surutu, cin amana ne, ko da yaron bai nufa ba. Mai sayar da abinci yana ganin abin da ko maƙwabci ba ya gani. Na san wanda yake ci da nama a farkon wata kuma ya koma gaya da miya zalla idan wata ya yi nisa, na san wanda sunansa yake cikin littafin bashi, na san wanda ya yi faɗa da matarsa domin kwana uku a jere a wurina ya yi kalacin dare. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya fita daga bakin yarana, ranar na fara rasa mutanena. Na taɓa sallamar wani yaro mai ƙwazo ƙwarai, wanda ba ya sata ba ya makara, saboda ya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce wa wani malamin makaranta, "Malam, yau ma ba nama?" Shi a ganinsa sabo ne da wasa. Malamin ya yi dariya, ya biya dala ɗari ɗinsa, wato sefa ɗari biyar, kuma ban sake ganinsa ba sai bayan wata biyar, da na aika masa da tuwo har gida na ba shi haƙuri.

Ban ce a daina hira ba. Direbobin da ke tasowa daga Damagaram za su Yamai, ko masu ɗaukar kaya zuwa Dakwaro, wasunsu sun yi sa'o'i ba su yi magana da kowa ba sai yaron mota, kuma idan suka zauna hirar suke nema kamar yadda suke neman tuwon. Sai dai wannan hirar ni nake yin ta daga bakin tukunya, domin ni na san wanda zan tambaya lafiyar uwargida da wanda ba zan tambaya ba. Ka gaya wa ƙanwarka doguwar hira aikinta ne ita mai wuri, kada ta bar wa yaron da ya zo jiya.

Ita kuwa yarinyar tasha, ba na goyon bayan nuni da haɓa, amma kafin ka yanke mata hukunci ka tambayi ƙarfe nawa ta tashi da kuma nawa ake ba ta a yini.

Bamaraɗe a Greensboro ya amsa:

Yaya Alhaji, Allah ya sanya albarka a abin da ƙanwarmu za ta fara. Ni ina zaune a Amurka, a garin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa inda ƴan Nijar suke da yawa, kuma shekaru huɗu na farko a gidan abinci na yi su, daga wankin kwanoni har na kai ga ɗaukar faranti. Ina so in ja hankalinka ga wani abu, domin na lura sababbin gidajen abinci na Yamai da Maraɗi sun fara kwaikwayon salon nan ba tare da sanin abin da ya haife shi ba.

A nan, mai kai abinci yakan zo ya faɗi sunansa, ya tambayi yadda ka yini, ya yaba abin da ka zaɓa, ya dawo bayan ka yi loma biyu ya tambaya ko komai ya yi daidai, ya sake dawowa, har wani lokaci ka rasa sararin gama zancenka da abokin tafiyarka. Baƙo yakan ɗauka tsananin kirki ne, amma akwai lissafi a ƙarƙashinsa. Dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukwici dala 2.13 kacal a awa (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba), kuma wannan adadi bai motsa ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata dala 7.25 ne tun 2009. Idan tukwicin bai cike gibin ba, doka ta ce mai gidan ya cike, kuma wasu jihohi irin su Kalifoniya sun tilasta a biya cikakken albashi, amma a jihar da nake, abincin ma'aikaci yana hannun mai ci, wanda aka saba ya ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin abin da ya ci. Har bincike an yi a kai: wani da aka buga a 1990 ya nuna cewa ma'aikaciyar da ta faɗi sunanta ga masu ci ta samu tukwicin kusan kashi 23 cikin ɗari, a inda ba ta faɗa ba kuwa kashi 15. Ka ga ke nan wannan fara'ar tana da farashi, kuma ni kaina na yi ta a ranakun da zuciyata take Maraɗi wajen mahaifiyata da ba ta da lafiya.

A Faransa kuwa kuɗin hidima yana cikin farashin da aka rubuta, shi ya sa ma'aikacinsu yake gaishe ka, ya ɗauki abin da kake so, ya ƙyale ka har sai ka kira shi, kuma ba ya kawo takardar lissafi sai ka nema. Amurkawa da yawa suna dawowa suna cewa Faransawa ba su da fara'a, su kuma Faransawa suna ganin na nan sun cika shisshigi. A wurinmu tukwici ba wajibi ba ne, iyakarsa mutum ya ce "riƙe canjin" idan ya ji daɗi, saboda haka babu dalilin da zai sa a tilasta wa yaro murmushin da ba nasa ba. Idan ƙanwarka tana son fuskokin yaranta su kasance a sake, ta biya su a kan lokaci, kuma ta tuna cewa mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa 42,000 a wata daga 30,047 da yake a da.

Abu ɗaya ne nake so a kwaikwaya daga nan, wato sanin abincin. Ma'aikaci a nan dole ya san abin da ke cikin kowane faranti, domin akwai wanda gyaɗa kaɗan za ta iya kai shi asibiti. Mu ma muna da masu hawan jini da masu ciwon suga a kowane gida, amma ka tambayi yaro ko miyar nan ta sha gishiri da magi, ko da man gyaɗa aka yi ta ko da manja, ko zoɓon nan an zuba masa sukari da yawa, sai ya ce bari ya tambayo, wani lokaci ma ba ya dawowa. Yaron da ya san farashin naira amma bai san abin da ke cikin miyar da yake ɗauke da ita ba, an koya masa magana a inda ba a buƙatarta.

Ɗalibar Ɗan Dikko ta amsa:

Baba Alhaji, ina gaisuwa, ina kuma gaida Hajiya da ta yi magana a sama. Ni ɗaliba ce a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma na yi aikin kai abinci a lokacin hutu har sau biyu domin in haɗa kuɗin takardu. Duk waɗanda suka yi magana sun dubi abin daga kujerar mai ci ko ta mai gida, ni kuwa ina so in faɗi yadda yake ga wadda take tsaye da faranti, musamman idan mace ce.

A makon farko na riƙa gaida kowa da murmushi kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Kafin mako na biyu ya ƙare, mutum uku sun nemi lambar wayata, ɗaya ya jira ni a bakin hanya a kan babur bayan an tashi, wani kuma, wanda ya haifi kamata, ya riƙa kirana "amarya" a gaban abokansa. Da na rage fara'a sai aka kai ƙarata wurin mai gida cewa ina da girman kai. Ba na cewa haka ne ya faru da yarinyar da ta nuna maka tukunya da haɓa, amma na san ƴan mata da yawa da suka ɗaure fuska a wurin aiki domin ita ce kaɗai katangar da suke da ita. Sau da yawa kuma ba ma'aikaci ne yake jan hirar ba, mai ci ne yake riƙe shi da tambayoyi, daga wane gari kike, ƴar gidan wa ce, an yi miki miji, alhali tebur uku suna jira kuma mai gida yana harararki.

Saboda haka roƙona shi ne, idan za ka koya wa yaran Anti iyakar maganarsu, ka kuma ba su kalmar da za su fita da ita daga hirar da ba su so, irin su "a yi mini haƙuri, ana jirana a ciki", kuma su tabbata cewa idan suka faɗe ta mai gida za ta tsaya a bayansu ko da mai cin babban mutum ne. A wuri na biyu da na yi aiki, uwar ɗakina takan fito da kanta ta karɓi teburin duk wanda ya fara wuce gona da iri, ta gaishe shi da girmamawa ta ce ita za ta yi masa hidima yau. Ba ta taɓa yin faɗa da kowa ba, kuma a wurin ne na fi sakin fuska da mutane, domin ban ji tsoron abin da murmushina zai jawo mini ba.

Malamin Zaure ya amsa:

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Na karanta abin da Hajiya ta rubuta kuma na yarda da mafi yawansa, sai dai ina tsoron kada a ɗauki maganarta a wuce da ita, a wayi gari yara suna ajiye kwano suna gudu kamar an aiko su gidan surukai. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ya tabbata a hadisi cewa murmushinka a fuskar ɗan'uwanka sadaka ne. Magana a kan abinci ma ba haramun ba ce kamar yadda wasu suke zato, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi magana yana cin abinci, ya yabi abin da aka kawo masa, ya kuma koya wa yaro ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Abin da ya kama yaron da ya yi maka ɓarna wani hadisin ne dabam, wanda ya ce yana daga kyawun musuluncin mutum ya bar abin da ba ruwansa. Cinikinka da mutumin Kano ba ruwansa, amma gajiyar baƙonka da ƙishirwarsa da ruwansa, kuma da ya tsaya a nan da ya samu lada ya samu yabo.

Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, shi ne sunan da ake kiran mutum da shi. Yaran yanzu sun mayar da kowa Alhaji da Hajiya, ko kuma su ce "patoro", wato mai gida da Faransanci, ga wanda ya girmi ubansu. Dattijo Baba ne, dattijuwa Inna ce ko Mama, wanda ya ɗan girme ka Yaya ne, wanda ba ka san matsayinsa ba kuwa Malam ya ishe shi kuma ba zai ji haushi ba. Sa'an nan a hana su ce wa babba "me kake so", su ce "me za a kawo", domin wannan ƴar sauyawar kaɗai tana raba yaron da aka yi wa tarbiyya da wanda ba a yi wa ba.

Game da wasa kuwa, garinmu gari ne na taubasai. Bagobiri daga Tibiri zai shiga ya tarar da yaro Bazabarme ya ce masa bawansa ne, Bafillace ya tsokani Babarbare a kan kwanon fura, kowa ya yi dariya, kuma wannan al'ada ce mai daraja har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya ta cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Ba zan so a kashe ta a gidan abinci ba. Sharaɗina ɗaya ne, babba ne yake buɗe ƙofar wasa, yaro ya amsa gwargwado, kuma idan babban ya zo da baƙo to ranar babu wasa ko da jiya sun yi, domin mutum ba ya son a nuna wa baƙonsa cewa yaron gidan abinci ya saba da shi har haka.

Ɗan Kasuwar Aya ya sake rubutawa:

Na gode muku baki ɗaya, kuma na tura wa ƙanwata duk abin da kuka rubuta. Maganar ƴata ɗaliba ta sa na ji nauyi, domin ni kaina na sha riƙe yaran gidan abinci da tambayar garinsu ina ganin kirki nake yi musu. Jiya na koma wurin da abin ya faru, na kira yaron gefe na gaya masa abin da maganarsa ta jawo mini. Ya rantse bai san akwai wata matsala ba, ya ce mai gidansu ne yake umurtarsu su nuna wa kowa cewa sun tuna da shi, domin haka ne mutane suke dawowa. Na tambaye shi daga ina yake, ya ce daga wani ƙauye a bayan Madarumfa, kuma wata bakwai ke nan da fara aikinsa. Har ina tunanin in ɗauke shi wa ƙanwata, domin yaron da ya tuna wanda ya zauna a wace kujera shekaranjiya zai tuna wanda ba ya cin yaji. Hajiya, ko kina ganin kuskure ne?

Mai Tuwon Bagalam ta sake amsawa:

Ba kuskure ba ne, Alhaji, amma kada ka ɗauke shi a bayan idon mai gidansa, ka je ka nemi izini kamar yadda ake yi, domin ƙanwarka za ta zauna da mutanen sana'ar nan shekara da shekaru. Idan ya zo, ta sa shi a bakin tukunya wata guda yana zuba miya kafin ta bar shi ya fita wurin jama'a, kuma ka turo mini ita ranar wata Laraba da hantsi, kafin a fara cika, in nuna mata inda nake tsayar da yarana.